KALABAW: TARIHIN SUNAN ƁAUNAR NOMA TA ƘASAR FILIFIN

Darasin wannan wata a kan kalma ɗaya tak yake, amma kalmar ta sha doguwar tafiya. Kalmar ita ce "kalabaw". Haka masu magana da harshen Tagalog na ƙasar Filifin suke kiran wata irin ɓauna da suke noma da ita.

Manomin ƙasar Hausa zai yi mamaki in ya ji an ce ana noma da ɓauna. Ɓaunar da ya sani naman daji ce, mafaɗaciya, wadda ko maharbi sai ya shirya kafin ya tunkare ta. Ba a taɓa ɗaura mata garma ba. To, amma can gabashin duniya akwai 'yar uwarta ta gida mai sanyin hali, wadda ƙaramin yaro yakan hau bayanta ya kai ta rafi. Ita ce ke yi wa talaka huɗa, ita ce ke ja masa amalanke, ita ce kuma ajiyarsa ta ranar buƙata.

A cikin wannan darasi mai karatu zai koyi abu uku. Na farko, wace irin dabba ce kalabaw. Na biyu, daga ina sunanta ya fito. Na uku, waɗanne ma'anoni ne sunan ya ɗauka a bakin jama'a, har ya zama yabo wani lokaci, wani lokaci kuma zagi.

ƘASAR DA MUTANENTA

Filifin ƙasa ce ta tsibirai a kudu maso gabashin Asiya. Tsibiranta sun haura 7,600. Babban birninta shi ne Manila, wanda ke kan tsibirin Luzon. A ƙidayar shekarar 2020 an sami mutum miliyan 109 a ƙasar. Babban abincinsu shinkafa ce.

Ana magana da harsuna fiye da 100 a Filifin. Tagalog shi ne harshen mutanen Manila da lardunan da ke kewaye da ita. A shekarar 1937 aka zaɓe shi ya zama tushen harshen ƙasa, wanda tsarin mulki na 1987 ya kira Filifino. Akwai kuma wasu manyan harsuna, kamar Ilokano a arewa, da Sebuwano da Waray a tsibiran tsakiya da ake kira Bisaya.

Turawan Sifaniya sun mallaki ƙasar daga 1565 zuwa 1898. Daga nan Amurka ta karɓa, har zuwa samun 'yancin kai a 1946. A riƙe waɗannan shekaru da kyau, domin za su taimaka wajen gane tafiyar kalmar.

WACE DABBA CE KALABAW?

Ɓaunar gida iri biyu ce a duniya. Akwai ta kogi, wadda ake kiwo a Indiya da Pakistan da Masar, galibi saboda madara. Wanda ya taɓa zama a Masar ya san ta da sunan "jamus". Akwai kuma ta fadama, wadda ake kiwo a Sin da Tailan da Indunusiya da Filifin, galibi saboda aiki. Kalabaw ta fadama ce.

Launinta toka-toka ne mai duhu. Ba ta da tozo irin na shanun Fulani. Ƙahoninta manya ne, sun lanƙwasa baya kamar jinjirin wata. Babban namiji yakan kai kilo 500. Macen takan ɗauki ciki wata 10 zuwa 11, ta haifi ɗa guda.

Abin da ya sa ta fi sa da doki amfani a can shi ne irin noman da ake yi. Manomin shinkafa yakan tare ruwa a gona har ƙasa ta zama taɓo. A cikin wannan taɓo ake huɗa, a baje, sa'an nan a yi dashe. Kofaton kalabaw faffaɗa ne, saboda haka ba ta kafewa. Tana tafiya sannu a hankali, amma ba ta tsayawa. Tana jan garma, wadda suke kira "araro". Tana jan "suyod", wani abu mai haƙora kamar ƙaton matsefi, wanda ke farfasa ɓurji ya daidaita gona. Tana kuma jan "paragos", wani irin amalanke mara ƙafa da ake ja a kan taɓo.

Amma tana da rauni guda. Jikinta ba ya fitar da zufa sosai, ga shi kuma baƙin fata na kama zafi. Don haka ba ta jure rana. Manomi yakan fita da ita tun da asuba, in rana ta take ya sake ta ta shiga ruwa ko ta kwanta cikin laka, sai la'asar su koma. Lakar tana sanyaya mata jiki, tana kuma kare ta daga cizon ƙudaje. Wannan hali nata na son ruwa shi ya sa ake ce mata ɓaunar ruwa.

DAGA INA SUNAN YA FITO?

Masana harsuna suna bin sawun kalma kamar yadda makiyayi ke bin sawun ɓatacciyar saniya. Sukan jera sunayen abu guda a harsunan maƙwabta, su duba kamanninsu. Ga yadda ake kiran wannan dabba a wurare daban-daban:

A harshen Tagalog: kalabaw.
A harshen Waray: karabaw.
A harshen Sebuwano: kabaw.
A harshen Malay na Maleshiya da Indunusiya: kerbau.
A harshen mutanen Jawa: kebo.
A harshen Kemar na Kambodiya: krabei.

Ko ba a faɗa ba, mai karatu ya ga cewa waɗannan sunaye 'yan gida ɗaya ne. Duk suna farawa da "k", kuma duk suna da "b" a ciki. Tambayar ita ce, wa ya ara daga wa?

Harsunan Filifin da Malay da Jawa dangi guda ne. Harshen Kemar kuwa na wani dangi ne daban, na mutanen babban yankin tudu inda ƙasashen Kambodiya da Tailan suke a yau. Masana da yawa suna ganin daga wannan dangi na Kemar kalmar ta taso. Daga can ta ƙetara zuwa ga Malay da mutanen yammacin Indunusiya. Su ma mutanen Tailan sun ari kalmar daga Kemar, suna cewa "krabue" a harshen rubutu, ko da yake a maganar yau da kullum "khwai" suke cewa.

Yaya aka yi ta isa Filifin? Ta hannun fatake. Ɗaruruwan shekaru harshen Malay ne harshen ciniki a waɗannan tekuna, kamar yadda Hausa ta zama harshen kasuwa a zangunan Gana da Kamaru. Akwai shaida a kan haka. A shekarar 1989 an tsinci wani faranti na jan ƙarfe mai rubutu kusa da tafkin Laguna, ba nisa da Manila. Kwanan watan da ke jikinsa ya yi daidai da shekara ta 900 Miladiyya, kuma yawancin rubutun da tsohon Malay aka yi shi. Haka nan lokacin da matuƙin jirgin ruwan nan Magellan ya iso a 1521, wani bawansa mai jin Malay ne ya yi masa tafinta da sarakunan tsibiran.

Ba kalabaw kaɗai ce ta shigo ta wannan hanya ba. Kalmar Tagalog ta tsakar rana, wato "tanghali", daga Malay take. Har kalmomin Larabci sun biyo fatake sun shiga Tagalog. In mutumin Manila zai yi godiya sai ya ce "salamat". Alƙali kuma "hukom" suke ce masa. Bahaushe da ya san "salama" da "hukunci" ba zai rasa gane su ba.

YADDA BAKI YA SAUYA KALMAR

Kowane harshe in ya ari kalma yakan gyara ta daidai bakin masu shi. Abu biyu ne suka faru a nan.

Na farko, an sa wasali tsakanin baƙaƙe biyu. A "kerbau", "r" da "b" suna manne da juna. A "karabaw" an raba su da "a". Hausa ma tana yin haka. Kalmar Turanci da ta zama "burodi" ba ta da wasali tsakanin "b" da "r". Bahaushe ne ya sa mata "u" don ta yi masa sauƙin faɗa.

Na biyu, "r" ta koma "l". Karabaw ta zama kalabaw. Wannan ma ba baƙon abu ba ne. Bakano yana cewa "harshe", Basakkwace yana cewa "halshe". Wani ya ce "farke", wani ya ce "falke". Sautukan biyu maƙwabta ne a cikin baki, saboda haka sukan yi musanya.

Masana sun ɗan saɓa a kan mataki na ƙarshe. Wasu sun ce Tagalog ta ari kalmar kai tsaye daga fataken Malay. Wasu kuma sun ce ta biyo ta tsibiran Bisaya ne, ta ƙara yaɗuwa a zamanin Sifaniyawa. Amma duka ɓangarorin biyu sun yarda cewa kalmar ta aro ce, kuma "kerbau" ta Malay tana cikin zuriyarta.

TSOHON SUNAN DA AKA MANTA

In kalmar ta aro ce, shin kafin zuwanta mutanen Filifin ba su san dabbar ba ke nan? Amsa ita ce sun san ta, kuma suna da sunansu.

A tsofaffin ƙamusun Tagalog akwai kalmar "anwang" ko "anowang", mai nufin wannan dabba. Yau da wuya a ji ta a bakin mutumin Manila. Amma a arewacin Luzon 'yar uwarta tana nan da rai. Ilokano har yanzu "nuang" suke cewa, mutanen Ifugawo na kan duwatsu kuma "nuwang". A tsibirin Sulawesi na Indunusiya akwai wata 'yar ƙaramar ɓaunar daji da ake kira "anoa", kuma masana sun nuna sunanta daga tushe ɗaya ya fito. Har a tsibirin Taiwan akwai wannan kalma a harsunan 'yan asalin wurin, inda a wasu take nufin wata irin barewa ko shanu.

Wani masanin harsuna mai suna Robert Blust, na Jami'ar Hawai, wanda ya rasu a 2022, yana cikin waɗanda suka tattara waɗannan kalmomi suka nuna tushensu ɗaya. Yawancin masana suna ganin kakannin mutanen Filifin daga Taiwan suka taso, kimanin shekara 4,000 da suka wuce. Ke nan tsohuwar kalmar tare da su ta zo.

Masu tonon ƙasa don binciken tarihi su ma sun kawo tasu shaidar. A wani wuri da ake kira Nagsabaran, a kwarin kogin Kagayan na arewacin Luzon, an tono ƙasusuwan ɓaunar ruwa masu alamar yankan wuƙa. An kimanta cewa sun kai wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa. Wato dabbar tana ƙasar tun fiye da shekara 2,000 kafin Baturen farko ya taka ta.

To, me ya sa sabon suna ya ture tsoho? Bayanin da masana suka fi kawowa shi ne an sake shigo da ɓaunar gida karo na biyu, daga yammacin Indunusiya, ta zo da sunanta. Wannan abu ne da ke faruwa a ko'ina. Dabba ko kaya sukan zo da sunan da mai kawo su yake kiransu. Raƙumi ya shigo ƙasar Hausa ta hamada, kuma masana sun nuna sunansa daga harsunan Buzaye da danginsu ya samo asali. "Ashana" da "akwati" kuwa daga Yarabanci suke. Yau babu mai jin su kamar baƙi.

Akwai wasu sunayen kuma. Mutanen Pangasinan suna cewa "dueg". Mutanen tsibiran Batanes suna cewa "pagad". Mutanen Pampanga suna cewa "damulag". Wannan na ƙarshe yana da ban dariya. A Pampanga har gobe ɓauna yake nufi. Amma a bakin Tagalog na yau, "damulag" shi ne ƙaton saurayi wanda ya girma a jiki amma bai bar halin yara ba. Sunan ya sauka daga kan dabba ya hau kan mutum.

YADDA TURAWA SUKA ƊAUKI SUNAN

Sifaniyawa ta tsibiran tsakiya suka fara shiga. Magellan ya fara sauka ne kusa da tsibirin Samar, ƙasar masu harshen Waray. Legazpi ya kafa zango a Sebu a 1565, bai kama Manila ba sai 1571. Saboda haka "karabaw" mai "r" ita ce ta fara shiga kunnensu.

Da suka zo rubutawa sai suka bi ƙa'idar rubutunsu. Sukan rubuta sautin "k" da harafin "c". Sautin "aw" na ƙarshen kalma kuma sukan rubuta shi "ao". Ta haka aka sami "carabao". Wannan ƙa'ida ce ta sa ake rubuta sunayen Mindanao da Davao da "ao" a ƙarshe. Sifaniyawa sun kuma kai dabbar tsibirin Guwam da ke cikin tekun Fasifik a ƙarni na 17, inda sunan ya bi ta. Mutanen Holan da suka mallaki Indunusiya su kuma suka ari ta Malay, suka ce "karbouw". Bayan 1898 Amurkawa suka gaji "carabao" daga Sifaniyawa, ta zauna a Turanci.

Masu Tagalog kuwa da "k" da "w" suke rubuta tasu. A jerin haruffa 20 da malamin nan Lope K. Santos ya tsara wa harshen, wanda aka fara koyarwa a makarantu a 1940, babu harafin "c" sam. Don haka "carabao" da "kalabaw" kalma ɗaya ce. Ɗaya ta sa rigar Turawa, ɗaya ta sa ta gida.

Tafiyar ba ta tsaya nan ba. Wasu samari 'yan Tailan da suka yi karatu a Manila sun kafa ƙungiyar mawaƙa suka sa mata suna Carabao, domin ɓauna alama ce ta talaka mai aiki tuƙuru. Sun fitar da faifansu na farko a 1981, suka yi suna ƙwarai. A 2002 shugaban ƙungiyar da abokan cinikinsa suka fito da wani abin sha mai ƙara kuzari da wannan suna. A 2017 kamfanin ya ɗauki nauyin wata gasar ƙwallon ƙafa ta Ingila, aka shiga kiranta Kofin Carabao. Ke nan matasan da ke taruwa a gidajen kallon ƙwallo suna ambaton sunan ɓaunar manomin Filifin, da yawansu ba tare da sun sani ba.

MA'ANONIN KALMAR A BAKIN JAMA'A

Ma'ana ta farko ita ce dabbar kanta. Amma dabbar da mutane suka zauna da ita shekara dubbai ba ta rasa shiga maganarsu. Ga wasu misalai.

"Kayod-kalabaw". "Kayod" na nufin kankara ko gurza, daga nan ta ɗauki ma'anar fafutukar neman abinci. In an ce mutum yana kayod-kalabaw, ana nufin yana aiki ba dare ba rana don ya ciyar da iyalinsa. Wannan yabo ne mai haɗe da tausayi.

"Balat-kalabaw". "Balat" fata ce. Mai fatar kalabaw shi ne wanda magana ba ta ratsa shi, ko an yi masa faɗa ko a jikinsa. Wannan suka ce, ana faɗa wa mara kunya. Kishiyarsa shi ne "balat-sibuyas", wato mai fatar albasa, wanda abu kaɗan ke sosa masa rai.

"Manggang kalabaw". Wannan mangwaro ne mai zaƙi, wanda ya fi kowane iri suna a ƙasar, kuma shi aka fi fitarwa ƙasashen waje. Akwai kuma wata ciyawa mai shimfiɗa da ake kira ciyawar kalabaw.

Turancin kalabaw. Haka 'yan boko suke kiran gurɓataccen Turancin wanda bai yi zurfi a makaranta ba. Wannan ba'a ce.

A karin magana ma tana nan. Sukan ce ƙudan da ya sauka a bayan kalabaw gani yake ya fi kalabaw tsawo. Ana faɗin haka ga baran da ya fi ubangidansa ɗagawa. Sukan kuma ce an doki kalabaw, amma a jikin doki shatar bulala ta fito. Wannan kuwa habaici ne, a yi magana da wani alhali da wani ake.

A nan akwai abin lura. Dabba ɗaya ce, amma an yi yabo da ita, an yi zagi da ita. Mutanen Filifin da yawa suna ɗaukarta dabbar ƙasa, alamar haƙuri da ƙwazo, ko da yake babu dokar da ta ba ta wannan matsayi. A tsohuwar Jawa har jarumawa sukan sa "Kebo" a cikin sunayensu. Amma a Tailan in aka ce wa mutum "khwai", an ce masa daƙiƙi ke nan. Wanda ya kama garma a bayanta ya san darajarta. Wanda shinkafa kawai yake gani a kwano, shi ne ke ganin jinkirinta da lakar jikinta. Haka jaki yake a ƙasar Hausa. Shi ke kai taki gona, shi ke kawo amfani gida, amma sunansa ya zama zagi. Sau da yawa raina dabbar aiki raina mai aikin ne.

KAMA DA WANE BA WANE BA NE

Mai bin asalin kalmomi sai ya yi hattara da tarko biyu.

Tarko na farko shi ne kamanni. A ƙasar Kanada akwai wata babbar barewar ƙanƙara mai ƙaho reshe-reshe, ana kiranta "caribou". Sunan ya yi kama da "carabao" ƙwarai, amma ba su haɗa komai ba. "Caribou" daga harshen Mikmak, wasu 'yan asalin gabashin Kanada, ta shiga Faransanci. Kafin a ce kalmomi biyu dangi ne, sai an nuna hanyar da mutanensu suka haɗu, an kuma nuna cewa sauyin sautin yana bin ƙa'ida.

Tarko na biyu shi ne labari mai daɗi. A tsibirin Sumatra akwai wata al'umma da ake kira Minangkabau. Suna da labari cewa wani sarkin Jawa ya zo yaƙi, aka shirya a bar ɓauna biyu su yi karo a madadin mutane. Baƙi suka kawo ƙatuwa. 'Yan gari suka kawo ɗan maraƙi mai jin yunwa, suka ɗaura masa ƙarfe mai tsini a ka. Ya ruga ƙarƙashinta neman nono, ya farke mata ciki. Wai daga "ɓauna ta yi nasara" sunansu ya fito. Har yau rufin gidajensu na gargajiya yana da siffar ƙahon ɓauna. Labarin yana da daɗi, amma masana suna ɗaukarsa a matsayin almara. Ya yi kama da labarin da ake bayarwa cewa sunan Hausa daga "hau sa" ya fito. Irin wannan labari yana nuna abin da jama'a ke ƙauna, amma ba ya zama hujja.

KALABAW JIYA DA YAU

An fi sanin darajar abu ran da aka rasa shi. Daga ƙarshen shekarun 1880 ciwon bushiya ya faɗa wa dabbobin Filifin, ya sake dawowa a farkon shekarun 1900. Kalabaw suka yi ta mutuwa, gonaki suka kwanta babu huɗa, shinkafa ta yi ƙaranci. Wannan ciwo ne ya share garkunan Fulani a wajen 1890. Sai a 2011 aka ba da sanarwar kawar da shi daga duniya baki ɗaya.

Gwamnatin Filifin ta sha ɗaukar matakin kare dabbar. A 1980 aka fitar da umarni cewa kada a yanka namiji sai ya kai shekara 7, mace kuma shekara 11. A 1992 aka yi dokar kafa Cibiyar Kalabaw ta Filifin, mai hedkwata a Munyos cikin lardin Nuweba Esiha. Aikinta shi ne inganta iri.

Dalili kuwa shi ne inji ya shigo. Manoma da yawa sun koma amfani da ƙaramar tarakta ta hannu, wadda suke kira "kuliglig", wato gyare, saboda ƙararta. Duk da haka, a 2020 akwai kalabaw ƙasa kaɗan da miliyan 3 a ƙasar, kuma kusan dukansu a hannun ƙananan manoma suke. Ita ba ta shan man fetur, tana ba da taki, tana haihuwa, tana kuma shiga inda inji ba ya shiga. Cibiyar ta mai da hankali ga madara. Kalabaw ta gida madararta kaɗan ce, amma tana da maiƙo fiye da ta saniya. Don haka ake yi mata barbara da irin Murra mai asali daga Indiya, domin a sami mai yawan nono. Da madarar ake yin wani farin cuku mai suna "kesong puti", da alewar madara da ake kira "pastillas".

A garin Pulilan na lardin Bulakan, kowace shekara ran 14 ga Mayu, manoma sukan wanke dabbobinsu su yi musu ado, su zaga gari da su. In sun zo ƙofar coci sai su sa su durƙusa. Biki ne na godiya bayan girbi, bisa al'adar Kiristocin Katolika, waɗanda su ne mafi yawa a ƙasar.

TAƘAITAWA

1. Kalabaw ɓaunar gida ce ta fadama, ba ɓaunar dajin Afirka ba.
2. Sunan na aro ne. Yana da dangantaka da "kerbau" ta Malay, kuma ana ganin tushensa yana cikin dangin harshen Kemar.
3. Tsohon sunan Tagalog shi ne "anwang". Danginsa suna nan a arewacin Luzon.
4. Sifaniyawa sun rubuta "karabaw" a matsayin "carabao", daga nan ta shiga Turanci.
5. A maganar jama'a kalmar tana nufin ƙwazo da juriya, tana kuma nufin rashin kunya ko ƙauyanci.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa ba a aiki da kalabaw da tsakar rana?
2. Kawo sunan wannan dabba a harsuna uku.
3. Waɗanne sauye-sauye biyu ne suka mai da "kerbau" ta zama "kalabaw"?
4. Mece ce shaidar cewa dabbar ta riga Turawa zuwa Filifin?
5. Mene ne bambancin mai fatar kalabaw da mai fatar albasa?
6. Me ya sa ba za a ce "caribou" da "carabao" dangi ne ba?

AIKIN GIDA

Kowane ɗalibi ya sami wani dattijo a unguwarsu. Ya tambaye shi sunayen shanu da na kayan noma waɗanda aka daina ji a bakin matasa. Ya rubuta guda biyar tare da ma'anarsu, ya kawo aji a karanta. "Anwang" ta tsira ne saboda wani ya rubuta ta tun kafin bakuna su sake ta.